Filin Masunta: Amsoshin Tambayoyinku a Kan Ƙugiyar Gora

Mafi yawan wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan sun tsaya ne a kan abu guda, wato kama tarwaɗa da gorar roba wadda ake ɗaura wa zare da ƙugiya a sake ta a kan ruwa. Mun zaɓi wasiƙun da tambayoyinsu suka haɗe na sauran, kuma mun taƙaita su saboda ƙarancin wuri.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Kano, kuma nakan je fatsa madatsar ruwan Tiga idan an yi hutu. Na ga bidiyon wasu Amurkawa suna watsa goruna a ruwa daga cikin jirgi, can an jima su dawo suna ɗago manyan tarwaɗa. Shin gaskiya ne ko haɗi ne, kuma abin zai yi aiki a ruwanmu?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ba haɗi ba ne, ɗan'uwa, tsohuwar hanya ce da mutanen kudanci da tsakiyar ƙasar Amurka suka daɗe suna bi a kogin Misisifi da kogin Mizuri da manyan madatsun ruwa na jihohi irin su Tekzas da Okalahoma da Tenesi. Kifin da suke nema dangin tarwaɗa ne, amma ba irin tamu ba ce, kuma akwai wata mai shuɗin jiki a cikinsu wadda takan haura kilo 50. A shekarar 2011 an kama wadda ta kai kusan kilo 65 a wani tafki da ke jihar Bajiniya, ko da yake da sandar fatsa aka kama ta. Abin da masu bidiyo ba su cika nunawa ba shi ne gorunan da suka kwana a ruwa ba su kama komai ba, saboda haka kada ka auna rabonka da abin da ka gani a waya.

Dabarar da ke cikin abin mai sauƙi ce. Gorar roba mai cin lita biyu, idan babu komai a cikinta kuma an rufe bakinta gam, sai an danna ta da ƙarfin da ya kai nauyin kilo biyu kafin ta nutse gaba ɗaya. Idan kifi ya haɗiye koto ya ja, gorar za ta yi ƙasa na ɗan lokaci sannan ta turo sama, kuma wannan turjiyar ita ce take kafa ƙugiya a bakinsa. Daga nan duk inda ya nufa yana jan gorar, ita kuma tana mayar da shi sama, har ƙarfinsa ya ƙare. Wato gorar ce take yin aikin da hannun mai fatsa yake yi, kuma da yake ba a ɗaure take da wani abu mai tauri ba, kifin ba ya samun abin da zai dogara da shi ya fizge zaren.

Game da ruwanmu kuwa, amsa ita ce zai yi aiki, domin tarwaɗa da ramboshi da ragon ruwa da kurungu duk da ƙanshi da ɗanɗano suke neman abinci, kuma sun fi yawo da dare. Tarwaɗa tana da gashin baki guda takwas, da su take lalubo abinci a cikin ruwa mai duhu ko mai laka inda ido ba ya amfani. Dogara da abin da ke yawo a saman ruwa ma ba baƙon abu ba ne a wurin masuntanmu: duk wanda ya taɓa kallon bikin Argungu ya ga yadda masunci yake kifa cikinsa a kan babban goran duma yana riƙe da koma, kuma masu mamari sun daɗe suna sa ƙananan goruna domin su san inda igiyarsu take. Bambancin kawai shi ne a nan kowace gora tana zaman kanta da ƙugiyarta, ba kamar mamari ba wanda igiya ɗaya ce mai ɗauke da ɗaruruwan ƙugiyoyi. Ruwa irin na Tiga, mai faɗi kuma marar gudu, shi ne ya fi dacewa da ita, amma sai kana da kwale-kwale, domin daga bakin gaɓa ba ka da yadda za ka yi da gorar da kifi ya ja ta tsakiya.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni mazaunin Yawuri ne, ina da ƙaramin jirgi, kuma ina so ka yi mini bayanin yadda ake haɗa ta dalla-dalla, da kayan da ake samu a kasuwarmu.

Amsa: Barka kadai, Malam. Fara da zaɓen gora, domin a nan ne mutane da yawa suke yin kuskuren da ya fi kowanne muni. Gorar lemo ko ta ruwan sha mai cin lita ɗaya da rabi zuwa biyu ta isa ga tarwaɗar da aka saba kamawa, galan mai hannu na lita huɗu ko biyar kuma ya fi dacewa da inda ake sa ran ramboshi. Amma galan ɗin da aka taɓa zuba maganin feshi ko maganin ciyawa ko baƙin mai a cikinsa kada ya kusanci ruwa ko da an wanke shi, domin roba tana riƙe ragowar guba, kuma ruwan da za ka jefa shi ciki shi ne mutane da dabbobi suke sha. Ka tabbatar murfin yana rufuwa sosai; idan kana shakka, ka danna gorar cikin bokitin ruwa ka duba ko kumfa yana fita. Gorar da ke haske kamar gilashi ba a hango ta a kan ruwa, saboda haka ka ɗiga ɗan farin fenti ko ruwan ɗorawa a cikinta, ka jijjiga har ya game jikinta, ka bar ta a buɗe ta bushe. Fentin da ke ciki ba ya kankarewa, kuma ba ya taɓa ruwan kogi. A waje kuma ka liƙa tef mai ƙyalli irin wanda ake sa wa bayan manyan motoci, domin da zarar hasken tocila ya sauka a kansa za ka gan shi daga nesa, sannan ka rubuta sunanka da lambar wayarka da lambar gorar.

Zaren da za ka yi uwa da shi, wato babban zaren da ke sauka daga gorar zuwa ƙasa, ya zama na lailon mai kauri, irin wanda ake yi wa mamari, domin siririn zare mai santsi yana yanka hannu idan babban kifi ya fizga. Ka ɗaura shi a wuyan gorar, ƙarƙashin zoben nan da ke kusa da murfi, ko a hannun galan, kada ka huda murfin ka zura shi ta ciki. Duk inda ka yanka lailon ka ƙona bakinsa da ashana don kada ya warware. A can ƙarshen zaren ne nauyi yake zama, kuma ba lallai sai ka sayi dalma ba: tsohon fulogin babur ko noti ɗaya ko biyu sun isa su miƙar da zaren a tsaye. Ƙugiyar ba a jikin uwar take ba, tana kan wani ɗan reshe ne mai tsawon taki ɗaya zuwa kamu ɗaya, wanda za ka ɗaura kamar kamu guda sama da nauyin. Wannan reshen ya kasance bai kai uwar ƙarfi ba, domin idan ƙugiya ta maƙale a kututture, reshen ne zai tsinke ka tsira da sauran kayanka.

Akwai wani ɗan ƙarfe mai juyawa da masu kayan fatsa suke sayarwa, wanda ake sawa tsakanin uwa da reshe, kuma ina ba ka shawara kada ka yi rowar kuɗinsa. Tarwaɗa idan ta ji ƙugiya birgima take yi a cikin ruwa, kuma in babu wannan ƙarfen sai ta murɗe zaren ya dunƙule, ko ta yi ta murzawa har ramin da ke bakinta ya faɗaɗa ƙugiyar ta zame. Ita ƙugiyar kanta, wadda ta fi dacewa ita ce mai zagayayyen jiki wadda tsininta ya lanƙwaso ciki yana kallon ƙafarta. Irin wannan ba ta cika kama ciki ko maƙogwaro ba. Idan kifi ya juya zai tafi sai ta silalo ta kafe a kusurwar bakinsa, saboda haka kifin yana daɗewa da rai kuma cire ta ba ya wahala. Amurkawa sun fi amfani da mai girman lamba 4/0 zuwa 7/0. Idan ba ka same ta ba, ƙugiyar da aka saba da ita ma tana kamawa, sai dai ka zaɓi wadda faɗin bakinta ya kai kaurin babban yatsanka, kuma kada ka cusa koto har ya rufe tsinin.

A ra'ayina ƙugiya ɗaya ta isa ga kowace gora, biyu kuma ita ce iyaka. Masu son sa huɗu ko biyar suna mantawa da cewa a lokacin da kake kokawa da kifin da ke ƙasa, sauran ƙugiyoyin suna lilo ne a daidai hannunka da cinyarka, kuma a cikin duhu. Gara ka ƙara yawan goruna da ka ƙara yawan ƙugiyoyi a zare ɗaya.

Sauran ƙananan dabaru guda biyu suna rage wahala ƙwarai. Ka yanko zobe daga tsohon tif na babur ka zura wa cikin gorar ta waje, ta yadda idan ka naɗe zaren a jikinta za ka soke tsinin ƙugiyar a ƙarƙashin robar, goruna goma su zauna a buhu ɗaya ba tare da sun sarƙe ba. Sannan ka zuba tsakuwa kamar cikin cokali biyu a cikin gorar, kuma lokacin sakinta ka girgiza tsakuwar ta koma gindi, ka kwantar da gorar a hankali. Idan kifi ya ja wuyanta ƙasa, tsakuwar za ta gangaro wuya, gorar ta tsaya da gindinta a sama, ta ci gaba da tsayuwa ko da kifin ya daina ja. Da ka haska ka ga wadda ta tsaya a cikin kwantattu, ka san an taɓa ta.

Tambaya: Ni daga yankin Haɗeja nake. Na haɗa goruna takwas, na sa tana, amma kwana uku ke nan sai dai in tarar da ƙugiya babu koto babu kifi. Me ya kawo haka?

Amsa: Malam, abu biyu nake zargi, koton da kuma zurfin. Tana koto ce mai kyau ga mai fatsa da ke riƙe da sanda, wanda zai fizga da zarar ya ji motsi, amma a ƙugiyar da babu mai riƙe da ita ƙananan karfasa da kurungu da kififiya suna tsinke ta kaɗan-kaɗan kafin babbar tarwaɗa ta iso. Abin da ƙugiyar gora take so shi ne koto mai tauri da ƙarni. Wanda ya fi duka shi ne ɗanyen kifi na ruwan da kake su a cikinsa, a yanka shi gunduwa-gunduwa da fatarsa, a soka ƙugiyar ta cikin fatar domin ita ce take riƙewa. Kan ƙaramar karfasa yana kwana a ƙugiya bai faɗi ba. Hanjin kaza da ƙundunta suna aiki, ƙaramin kwaɗo da manyan fara ma haka, hanta kuwa tana da ƙarnin da ake so amma tana narkewa, sai an naɗe ta da siririn zare. Ramboshi ya fi son abu mai rai, saboda haka idan shi kake nema ka soki ƙaramin kifi ta bayansa, ƙasa da ƙayar sama, ba tare da ka taɓa ƙashin bayan ba. Wasu Amurkawa har yankan sabulu suke sawa, kuma yana kamawa, amma ban ga dalilin da zai sa mai kifi ɗanye a hannu ya koma ga sabulu ba. Idan kana so ka jawo kifi wurin, ka kwaɓa dusa da dakakken ƙuli-ƙuli da laka, ka dunƙula, ka jefa inda za ka sa gorunan tun da la'asar.

Batun zurfi kuwa, kada ka yi shi da ka. Ka sami zare ka ɗaura masa dutse, ka yi ƙulli a kowace gaba, ka auna wurin kafin ka yanka zarurrukanka. Gorar da za ta yi yawo, nauyinta ya tsaya kamar kamu ɗaya ko biyu sama da ƙasa, domin idan yana jan ƙasa zai kwaso ciyawa ko ya maƙale, koton kuma ya nutse cikin laka. A daren farko ka bambanta tsawon zarurrukan, wasu gaba ɗaya, wasu gaba ɗaya da rabi, wasu biyu, kuma a nan ne lambar da ka rubuta a jikin kowace gora take amfani, domin da safe za ka san tsawon da ya kama, sai ka mayar da sauran irinsa. Mutane suna ɗauka cewa tarwaɗa kullum a ƙasa take, alhali da dare takan taso neman abinci, kuma a lokacin zafi ruwan can ƙasa na tafki mai zurfi yakan rasa iskar oksijin har kifi ya ƙaurace masa.

Yankinku yana da tasa matsalar, wato kacala da ta cinye hanyoyin ruwa da yawa a fadamun Haɗeja zuwa Nguru. A irin wannan wuri sakin gora ta yi yawo asara ce, domin kifin da ya kamu cikin ciyawar zai shige da ita. Ka nemi bakin fili inda ruwa ya buɗe, ka kafa turke, ka ɗaura gorar da gajeriyar igiya wadda ba za ta bari kifin ya kai ga ciyawa ba. Ka kuma sani cewa sanyin hunturu yana rage wa tarwaɗa cin abinci, yayin da farkon damina, lokacin da sabon ruwa yake shigowa da ƙwari da tsutsotsi, shi ne lokacin da ta fi haɗama. Idan ka tarar an datse reshe kamar da almakashi, akwai yiwuwar gaiwa ce, domin haƙoranta suna yanka lailon.

Tambaya: Ina gaishe ku daga Gaya ta Jamhuriyar Nijar. Na saki goruna goma sha biyu a kogi da magariba, da asuba huɗu kawai na samu. Sata ce ko ruwa ne?

Amsa: Muna amsawa, ɗan'uwa. Kafin ka zargi kowa ka yi wannan lissafin: ruwan da yake tafiyar kilomita biyu kacal a awa ɗaya, daga magariba zuwa asuba ya kai gorarka wajen kilomita ashirin, kuma daga Gaya wannan tafiyar ta doshi iyakar Najeriya. A kogi mai gudu irin Kwara ba a sakin gora a tafi gida. Yadda masu yin abin a Misisifi suke yi shi ne su zaɓi wani yanki na kogin, su saki gorunan a jere da tazarar gaba goma ko fiye a tsakaninsu, su bi su a baya da jirgi suna kallo, idan sun kai ƙarshen yankin su kwashe su koma sama su sake. Aiki ne na awa biyu ko uku da ido a buɗe, kuma yawan gorunan kada ya wuce abin da za ka iya ƙirgawa da haskawa ɗaya.

Idan kana son wadda za ta kwana, to mai anga za ka yi, wato wadda aka ɗaura wa nauyin da zai zauna a ƙasan ruwa ya riƙe ta wuri ɗaya, kuma a inda ruwa ya lafa, kamar bayan tsibiri ko cikin lungun gaɓa ko bakin wani rafi da ke shiga kogin. Ka cika gwangwanin madara babba da kwaɓaɓɓen siminti, ka dasa lanƙwasasshiyar waya a ciki kafin ya bushe, ka sami anga mai arha. Tsawon uwar ya ɗara zurfin ruwan da kamar kashi ɗaya cikin huɗu, saboda kogi yana iya ƙaruwa cikin dare. Nauyin angar kuma kada ya kai abin da gorar za ta iya ɗauka, domin idan babban kifi ya ja ta zuwa gurbi mai zurfi, anga mai nauyi za ta nutsar da gorar ka rasa duka; anga mai kilo ɗaya galan na lita huɗu take so. Ko a tafki marar gudu iska tana tura goruna, saboda haka ka saki naka daga ɓangaren da iska take fitowa, ka nemo su a ɓangaren da take nufa.

Tambaya: Ni mai sana'ar bandar kifi ce. Yaran da ke kawo mini kifi sun fara wannan hanya, kuma wani lokaci kifin yana zuwa a mace tun daga ruwa. Ya halatta, kuma lafiya ne a ci?

Amsa: Hajiya, Allah ya sa albarka a sana'a. Ta fuskar hukunci, abin da aka sani a mazhabar Malikiyya shi ne kifi ba ya buƙatar yanka kuma mushensa halal ne, bisa hadisin da ke cikin Muwaɗɗa wanda ya bayyana cewa ruwan teku mai tsarkakewa ne kuma mataccensa halal ne. Ƙarin bayani yana wurin malamai. Abin da ya shafi wannan fili shi ne lafiyar naman, domin kifin da ya mutu da tsakar dare a cikin ruwa mai ɗumi ya fara lalacewa kafin gari ya waye. Ki ɗaga murfin kumatunsa ki duba: idan abin da ke ciki ja ne wur, idonsa a cike yake da haske, kuma naman yana dawowa idan kin danna shi da yatsa, to bai daɗe ba. Idan wurin ya koma fari-fari ko ruwan ƙasa, cikin ya kumbura, fatar ta yi fari tana saɓulewa, ko wari ya fara, ki mayar musu da abinsu, domin hayaƙi yana ɓoye wari amma ba ya gyara ruɓaɓɓen nama.

Mutuwar tarwaɗa a ƙugiya ma alama ce ta kuskure a wurin yaran, domin kifi ne mai taurin rai wanda yake da wata gaɓa a cikin kansa da yake shaƙar iskar sarari da ita, shi ya sa yake daɗewa a kan tudu bai mutu ba. Idan ruwan ba shi da isasshiyar iska, dole ne ya riƙa tasowa yana shaƙa, kuma anga mai nauyi da gajeren reshe suna hana shi. Ki gaya musu su rage nauyi, su matso da ƙugiyar sama, kuma su riƙa zagayawa duk bayan awa biyu ko uku maimakon su bari sai da safe.

Tambaya: Ni dattijo ne a wani ƙauye da ke bakin tafkin Kainji. Ɗana ya ɗauki wannan abu da zafi, yana fita shi kaɗai da dare, kuma hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Baba, Allah ya ƙara girma, kuma damuwarka tana kan hanya. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968 ruwa ya rufe dazuzzuka da tsofaffin garuruwa, kuma kututturan da ke ƙarƙashinsa suna cikin abubuwan da ke fasa jirage, ga hadarin farkon damina da yake tasowa ba shiri, ga dorina a wasu sassan. Ka sa shi ya riƙa fita da abokin tafiya, ɗaya yana tuƙi ɗaya yana ɗauka, kuma dukansu su sa rigar kariya ko da sun iya iyo, domin wanda zare ya naɗe wa ƙafa iyawarsa ba ta amfaninsa.

Lokacin ɗauka shi ne mafi haɗari. Gorar da take gudu ko take nutsewa tana tasowa, a ƙyale ta tukuna kifin ya gaji. Idan an matsa kusa, a jawo zaren da sanda mai ƙugiya a baki maimakon a miƙa jiki waje, kuma kada a taɓa naɗe zare a hannu ko a yatsa. Idan kifin ya fizga da ƙarfi a sake masa gorar, ba inda za shi. A ɗago shi da koma, a ajiye wuƙa kusa. Tarwaɗa da kurungu suna da ƙaya mai tauri a fikafikan gefe, ta kurungu ma tana da zarto kuma tana kafewa, saboda haka a kama su ta bayan ƙayar, a cire ƙugiya da filaya. Idan aka ga kifi mai taushin jiki da ɗigo-ɗigo, marar ƙayar baya, to minjirya ce, kuma wutar da take saki tana iya jefa mutum ruwa. A yanke reshen kawai. Ƙugiyar da ta shige nama har kunnenta, wato 'yar ƙayar da ke bayan tsininta, ya ɓace kada a ja ta baya, a yanke zaren a tafi asibiti, a kuma karɓi allurar tetanus. Mai yawan shiga ruwa idan ya ga jini a fitsarinsa ya je a duba shi, domin tsargiya tana da magani.

Tambaya: Shin akwai dokar da ta hana wannan hanya? Wasu masu kalli a garinmu, wato masu shimfiɗa raga a ruwa kifi ya maƙale a cikinta, sun ce za su kai ƙarata wurin Sarkin Ruwa.

Amsa: Malam, dokar tarayya ta 1992 kan kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta haramta amfani da guba da abubuwan fashewa da wutar lantarki, kuma ƙugiya da koto ba sa cikin wannan jerin. Sai dai jihohi suna da nasu ƙa'idojin kan lasisi da irin kayan su, saboda haka ka leƙa sashen kula da kifi na ma'aikatar gona ta jiharku ka ji abin da ya shafi ruwanku. A Amurka ma ba sakaka ake yin abin ba: a Tekzas ƙugiyoyi ba sa wuce biyar a gora ɗaya kuma dole ne a sa mata alamar mai ita, a jihar Mizuri kuma gora mai anga sai an duba ta aƙalla sau ɗaya cikin awa 24, wadda take yawo a kogi kuwa dole mai ita ya kasance tare da ita. Dalilin waɗannan ƙa'idoji shi ne gorar da aka yasar ba ta daina kamu, kifi da kififiya da tsuntsayen ruwa suna mutuwa a kanta, zarenta kuma yana naɗe farfelar jirgi mai inji.

Masu kallin nan ina ganin suna da hujja, domin gora mai yawo da ƙugiya idan ta faɗa cikin kalli, musamman da kifi a jikinta, ɓarnar da take yi ta fi kuɗin gorunanka duka. Kada ka jira a kai ka. Ka riga su zuwa wurin Sarkin Ruwa da gora ɗaya a hannu, ka nuna masa yadda take, ka roƙi a ware maka ɓangare da lokaci. Ka kuma tambaye shi wuraren da aka killace, domin garuruwa da yawa suna da gurbin da ba a su a cikinsa sai ranar da aka buɗe, kamar yadda ake tsare kogin Matan Fada a Argungu har zuwa lokacin biki. A tsakiyar damina tarwaɗa tana hawa fadamun da ruwa ya malale domin ta zuba ƙwai, saboda haka mace mai cikakken ciki da ƙugiya ta kama a gefen baki ka sake ta, zagayayyiyar ƙugiya tana sa hakan ya yiwu. Kuma ka ƙirga gorunanka lokacin saki da lokacin kwashewa, idan ɗaya ta ɓace ka neme ta da rana.

Tambaya: Ina kiwon tarwaɗa a kududdufin ƙasa a bayan gari. Zan iya amfani da ita in riƙa ɗiban na miya ba tare da na ja taru ba?

Amsa: Za ka iya, Alhaji, kuma gora ɗaya ko biyu sun isa. Ka ɗaura mata igiya zuwa turke a bakin kududdufin domin ka jawo ta daga tudu, ka sa babbar ƙugiya don ƙanana su kasa haɗiyewa, ka danne kunnen ƙugiyar da filaya saboda wanda bai kai girman da kake so ba ya koma ruwa da ƙaramin rauni. Ka sa ta kafin lokacin ba su abinci, ka tsaya a wurin, kuma ka cire ta da zarar ka sami abin da kake buƙata, domin tarwaɗa tana cin 'yar'uwarta, kuma wadda ta daɗe a ƙugiya da jini a baki sauran za su far mata.